Me ya sa kociyoyi mata suka yi ƙaranci, har a ƙungiyoyin mata?

Wata 'yar'uwa ce ta turo tambaya, tace ta buga ƙwallo shekara da shekaru, yanzu ita ce mataimakiyar koci a wata ƙungiyar mata, amma duk sanda babban koci ya tafi sai a ɗauko wani namijin daga waje a ɗora a kanta, da ta yi magana sai aka ce mata ai mata ne basa neman aikin, waɗanda suke nema kuma basu da gogewa. Shine take son sanin ko hakan gaskiya ne, kuma ta ci gaba ko ta haƙura ta nemi wata sana'ar.

Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina koyar da kwas ɗin masu horarwa kuma na sha zama a kwamitin ɗaukar koci, don haka abin da zan faɗa miki ba labari aka bani ba. Maganar da aka yi miki ba gaskiya bace. Matan da suka iya aikin suna nan, ƙofar ce take ƙara tsukewa daidai wajen da kuɗi da suna suke, kuma akwai tarihin da ya nuna hakan ƙuru-ƙuru.

A Amurka kafin 1972, sama da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin mata a jami'o'i mata ne ke horar da su. Lokacin aikin ba wani abin kwaɗayi a cikinsa, yawanci malamar motsa jiki ce ake ƙara wa shi a kan aikinta. Pat Summitt da ta karɓi ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata a jami'ar Tennessee a 1974 tana 'yar shekara 22, ita ke wanke rigunan 'yan wasa ita ke tuƙa su zuwa wajen wasa, matar da kafin ta ajiye aiki a 2012 ta ci wasa 1,098 da kofin ƙasa 8. To a 1972 ɗin ne aka yi dokar Title IX wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, sai kuɗi ya fara shiga wasannin mata, albashi ya tashi, aka haɗe sashen wasannin mata da na maza a ƙarƙashin darakta ɗaya wanda kusan ko'ina namijin ne ya zama shugaba, sannan farkon shekarun 1980 NCAA, babbar hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta karɓe gasannin mata daga hannun AIAW, hukumar wasannin mata a jami'o'i wadda mata ke tafiyarwa. Wasu malamai biyu, Vivian Acosta da Linda Carpenter, sun bi lissafin nan shekara sama da 30, zuwa 2014 kason mata ya dawo wajen kashi 43. Matan da ke horar da ƙungiyoyin maza kuwa basu wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Yanzu fisabilillahi, 'yan wasa mata sun ninninka a wannan tsakanin, ilimin wasa ya ƙaru a wajensu, ta yaya za a ce a lokacin ne suka daina iyawa ko suka daina so? Abin da ya canza ɗaya ne, aikin ya zama mai tsoka.

Kinga kenan namiji kasuwa biyu gare shi, in bai samu a ɓangaren maza ba ya tsallako na mata kuma a karɓe shi hannu bibbiyu, ita kuwa mace kasuwa ɗaya ce, ita ɗin ma fiye da rabinta an riga an cinye.

Batun gogewa kuma, mu bar baki mu duba kofuna. A gasar kofin duniya ta ƙwallon ƙafar mata daga 2003 zuwa 2023 an yi guda 6, mata ne suka ɗauki 4: Tina Theune-Meyer da Jamus a 2003, Silvia Neid da Jamus a 2007, Jill Ellis da Amurka a 2015 da 2019. Zinaren Olamfik na ƙwallon mata tun daga 2004 har 2024 babu wanda namiji ya ci, April Heinrichs, Pia Sundhage sau biyu, Neid, Bev Priestman, sai Emma Hayes. Kofin Turai ma tun 1997 haka yake, cikinsu Sarina Wiegman ta ɗauka da Holan a 2017 ta ɗauka da Ingila a 2022 da 2025. Amma duk da haka a kofin duniya na 2023 cikin ƙasashe 32, 12 ne kacal mace ke jan ragamarsu. Su ne 'yan tsiraru a benci, kuma su ne suka fi kwasar kofi. A Afirka Desiree Ellis ta ba Afirka ta Kudu kofin nahiya na farko a 2022, Rena Wakama ta ci kofin ƙwallon kwando na Afirka da Najeriya a 2023 sannan a Olamfik na Paris ta kai su zagayen kwata fainal, abin da wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, bata taɓa yi ba.

Kuma abin da ke ƙona min rai shine wannan ma'aunin gogewar ba kowa ake aunawa da shi ba. A Janairun 2018 aka ba Phil Neville tawagar matan Ingila, bai taɓa zama cikakken babban koci a ko'ina ba, bai taɓa aiki a ƙwallon mata ba. Juya abin ki gani, a ce mace da irin wannan takardun an bata tawagar mazan Ingila, ai ko a mafarki. In aka zo kan mace ta horar da maza sai kiji ana cewa ai bata buga ƙwallon maza ba, bata san saurinsa da ƙarfinsa ba. Arrigo Sacchi bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba ya ci kofin Turai da Milan a 1989 da 1990. Mourinho a ƙananan rukunai ya buga a Fotugal, da aikin tafinta ya shiga wajen Bobby Robson. Nagelsmann ciwon gwiwa ya tsayar da shi tun yana matashi, yana shekara 28 aka bashi Hoffenheim a 2016. Ba wanda ya ce musu sai sun buga a sama tukunna, domin kowa ya san horarwa karatun wasa ne da tsara atisaye da iya tafiyar da mutane, ba gudu bane. Sai an zo kan mace ake mantawa.

Yanzu bari in shigar da ke ɗakin da ake yanke hukuncin, don a nan ainihin matsalar take. Koci ya tafi yau, kafin gobe da yamma shugaban kulob ya kira mutum uku ko huɗu a waya, tsohon abokin wasansa, wani eja, wani da suka yi kwas tare, tambayar ɗaya ce, wa kake da shi? Kowa sai ya ambaci wanda ya sani, wanda ya sani kuwa namiji ne saboda da maza ya yi rayuwarsa ta ƙwallo. Kafin a fitar da sanarwar neman koci, in ma an fitar, suna ya riga ya zauna. Ranar intabiyu ana zaune takardu a kan tebur, aka zo kan namiji mai ƙarancin gogewa sai kiji an ce yaron nan yana da gaba, mu bashi dama zai koya. Aka zo kan mace da ta fi shi satifiket sai wani ya ɗan jingina da kujera yace tana da kyau amma anya ta shirya? anya 'yan wasa zasu ji maganarta? Shi ana auna shi da abin da zai iya zama, ita da abin da bata riga ta yi ba. Kuma wallahi yawancin masu wannan maganar ba mugaye bane, in kika ce musu suna nuna bambanci zasu rantse basa yi, kawai mutum ya fi natsuwa da wanda ya yi kama da shi kuma ya yi kama da duk kociyan da ya taɓa gani. Shi yasa abin yake da wuyar magani, ba mutum ɗaya bane da za a nuna a ce ga mai laifin.

Sai lasisi. A ƙwallon ƙafa matakai ne, C, B, A, har zuwa Pro, kuma manyan kujeru ba a zama sai da na saman. Don a ɗauke ki kwas ɗin sama ana son ace kina riƙe da aiki a babban mataki, don a baki aiki a babban mataki ana son ace kina da lasisin, to ta ina za a shiga? Gurbin kwas ɗin kaɗan ne, kuɗinsa da yawa, kulob ne ke biya wa wanda yake so, sannan tsofaffin ƙwararrun 'yan wasa ana musu gajeriyar hanya. Nan ma tarihi ya yi aikinsa, Ingila ta hana mata buga ƙwallo a filayen hukuma daga 1921 har 1971, Jamus ta Yamma daga 1955 zuwa 1970, Birazil da doka ta hana daga 1941 zuwa 1979. Ƙarnin matan da ya kamata su zama malaman kwas da daraktoci da masu ɗaukar aiki a yau an datse shi tun daga tushe. Sai a 2003 aka samu mace ta farko da ta karɓi lasisin Pro na hukumar ƙwallon ƙafar Turai UEFA, wato Hope Powell. Ko an shiga kwas ɗin ma wani aikin ne, sau da yawa mace ɗaya ce ko biyu a cikin aji cike da maza, kayan da aka raba duk awon maza ne, bidiyon da ake nazari duk wasan maza ne, in aka fita fili ita ce ake jira a ga ko za ta yi kuskure, na ga wadda ta zo gabatar da atisayenta mai gadin fili ya nuna mata hanyar ɗakin masu duba rauni don bai kawo a ransa koci bace. Irin waɗannan ƙananan abubuwan ne, amma kullum ne, suna cin mutum.

Akwai wani tarkon kuma da nake zargin kina cikinsa yanzu. Mataimakiya mace ana tura ta ɓangaren kula da yara, wadda ke kuka ki lallashe ta, wadda ke rigima da iyayenta ki ji da ita, ki tabbatar an yi barci da wuri, ki riƙe takardun tafiya. Aiki ne mai muhimmanci, ƙungiya bata tafiya sai da shi, amma ba shi ake tambaya ranar intabiyu ba. Allon dabaru, zaɓen 'yan wasa goma sha ɗaya, canji a minti na 60, magana da 'yan jarida, waɗannan suna hannun oga. Shekara biyar sai ta wuce, ke kika riƙe ƙungiyar amma takardarki babu abin nunawa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Wadda ta samu ta haye kujerar ma bata huta ba. Namiji ya yi tsawa a bakin layi a ce yana da zafin nema, mace ta yi a ce bata da haƙuri, ta yi sanyi a ce ba za ta iya riƙe ƙungiya ba. Da ɗan wasan tanis Andy Murray ya ɗauki Amélie Mauresmo a matsayin kocinsa a 2014, matar da ta taɓa zama ta ɗaya a duniya a tanis ta ci manyan kofuna 2, duk wasan da ya faɗi ita ake zagi, shi da kansa ya fito ya ce kociyoyinsa maza na baya basu ga irin haka ba, alhali a hannunta ya ci kofunansa na farko a filin jar ƙasa a 2015 ya koma na biyu a duniya. Kuma faɗuwar mace ɗaya ta kowa ce, sai a ce mun gwada mace bai yi ba. Ban taɓa jin kulob ya kori namiji ya ce mun gwada namiji bai yi ba, wani namijin ake ɗaukowa, shi wanda aka kora kuma bayan wata uku ya samu wani wajen. Nasara ma bata cika kare mace ba. Florence Omagbemi ta ci kofin ƙwallon ƙafar mata na Afirka da Najeriya a 2016, ba a ci gaba da ita ba, a 2018 aka ɗauko namiji daga Suwidin. Shannon Miller ta ci kofin ƙasa 5 a wasan hokin ƙanƙara da jami'ar Minnesota Duluth, aka ƙi sabunta kwantiraginta a ƙarshen 2014 da sunan matsin kuɗi, ta kai ƙara, a 2018 kotu ta yanke a biya ta wajen dala miliyan 3.7 saboda nuna bambanci da ramuwar gayya. Becky Hammon ta yi kusan shekara 8 tana mataimakiyar koci a San Antonio Spurs da ke NBA, gasar ƙwallon kwando ta maza a Amurka, an yi ta kiranta intabiyun babban koci a gasar ba a bata ba, ta koma gasar mata ta ci kofi da Las Vegas Aces a shekararta ta farko 2022, ta maimaita a 2023.

A ɓangaren maza waɗanda suka shiga ana ƙirga su da yatsu, Carolina Morace a Viterbese ta Italiya a 1999 wadda wasa biyu ta yi ta ajiye, Corinne Diacre da ta yi kaka uku a Clermont a rukuni na biyu na Faransa daga 2014, Chan Yuen-ting da ta ci lig ɗin Hong Kong da Eastern a 2016 tana shekara 27, Sabrina Wittmann a Ingolstadt ta Jamus a 2024.

Maganar iyali kuma zan faɗi gaskiya, eh tana fitar da mata da yawa daga aikin. Horarwa aikin yamma ne da ƙarshen mako da tafiye-tafiye da sansani, kuma shekarun da koci ke gina sunansa su ne shekarun haihuwa da raino. Amma kociyoyi maza ma suna da 'ya'ya, ba a tambayarsu wa zai kula da su ne saboda an san akwai wadda ke ɗauke da nauyin a gida. Tsarin aikin ne aka gina a kan hakan. Kwantiragin koci gajere ne, shekara ɗaya ko biyu, mace ta samu ciki ba sai an kore ta ba, a bari wa'adin ya cika kawai a yi shiru. FIFA ta kawo hutun haihuwa na aƙalla sati 14 ga 'yan wasa daga 2021, kociyoyi sai a tsakiyar 2024 aka saka su a ciki, wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa masu rubuta doka basu ma kawo a ransu koci na iya haihuwa ba. Ga kuma wanda ba a son faɗa, mai neman a biya shi da wani abu kafin ya sa hannu a takarda, da ƙazafin da ake bin duk macen da ta samu ci gaba da shi, wai ai an san yadda ta samu. Ire-iren waɗannan sun kori mata masu hazaƙa fiye da yadda ake zato, kuma shiru suke tafiya ba wanda ya rubuta dalili.

Wasu na cewa a yi haƙuri, tunda 'yan wasa mata na ƙaruwa kociyoyi ma zasu ƙaru da kansu. Ban yarda ba. A Olamfik na Tokyo kusan rabin 'yan wasa mata ne amma kociyoyi mata kashi 13 ne, a Paris 2024 an raba guraben 'yan wasa daidai wa daida amma benci bai bi sahu ba, kuma labarin Amurka da na fara da shi ya nuna abin na iya komawa baya ma. Ni ina goyon bayan dokar da ke tilasta a samu mace a cikin masu horarwa, irin wadda UEFA ta saka a gasanninta na mata cewa ko babban koci ko mataimaki ɗaya ya zama mace, duk da na san ana iya mayar da ita ado, a ajiye mutum a benci don cika sharaɗi ba a bata ko atisaye ɗaya ba. Abin da na ga ya fi aiki ba shi da wani armashi: a tallata gurbi a fili, a rubuta abin da ake nema kafin a buɗe takardar kowa, kwamiti ya zama akwai mata masu ƙuri'a a ciki ba 'yan kallo ba, kowa ya fita fili ya gudanar da atisaye a gani da ido, hukuma ta ware guraben kwas ta biya kuɗin. Ba cewa nake namiji kar ya horar da mata ba, Norio Sasaki ya kai Japan ga kofin duniya a 2011 kuma ya cancanta, ba kuma cewa nake duk mace ta iya ba, akwai waɗanda basu iya ba kamar yadda maza marasa iyawa suka cika ko'ina. A dai auna kowa da mudu ɗaya.

Ke kuma, shawarata kar ki bari, amma kar ki ci gaba a yadda kike. Ki nemi lasisi na gaba ko da kulob bai biya ba, ki bincika tallafin hukumar ƙasarki da na nahiya da na FIFA, suna da shirye-shiryen kociyoyi mata kuma sau da yawa ba a sanar da waɗanda ya kamata. Ki zauna da babban koci tun farkon kaka ki nemi wani ɓangare na wasa ya zama naki a rubuce, bugun kwana da firikik, ko tsaron baya, ko nazarin abokan karawa, abin da za a iya ƙirgawa a ce kafin ta karɓa ga yadda yake bayan ta karɓa ga yadda ya koma. Ki dinga ɗaukar atisayenki a bidiyo kina ajiye tsarin kowane zama. In da hali ki karɓi wata ƙungiya da ke ce babba a cikinta, ko ta yara maza ce 'yan ƙasa da 15, domin kaka ɗaya kina yanke hukunci da kanki ta fi kaka uku kina riƙe wa wani allo, kuma tana kashe bakin masu cewa maza ba zasu ji maganarki ba. Masu baki shawara suna da amfani, amma wanda kika fi buƙata shine mai ambaton sunanki a wancan kiran wayar da na faɗa miki, don haka ki san daraktoci da malaman kwas, su san aikinki tun kafin gurbi ya buɗe.

In kujerar ta sake zama babu kowa kar ki jira a tuna da ke, ki rubuta takardar nema a ranar, ki haɗa da tsarinki na kaka guda, ki nemi a baki intabiyu. In suka ƙi, ki roƙi su faɗa miki a rubuce me ya rage miki. In suka lissafa abu na gaske kin samu abin yi, ki cike shi ki dawo. In suka kasa faɗar komai sai ai baki shirya ba, to ki fara aika takardunki wasu kulob ɗin tun kakar bata ƙare ba, kuma duk inda za ki sa hannu ki tabbatar an rubuta matsayinki da albashinki da hutun haihuwa a cikin kwantiragin.